Me Za Mu Faɗa a Bakin Kabarin Manya?

A karanta II Sama'ila 1:17-27, da kuma 21:1-14.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, tun daga ƙarshen shekara ta 2024 har zuwa daminar 2025 mutuwa ta yi ta ɗauke mutanen da sunansu ya game duniya, ɗaya bayan ɗaya. Ran 29 ga Disamba, 2024, Jimi Kata, wanda ya yi shugabancin Amurka shekara huɗu, ya rasu yana da shekara 100. Ran 21 ga Maris, 2025, Joji Foman, zakaran damben Turawa, ya bi shi. Ran 1 ga Yuli sai ga labarin Jimi Suwagat, mai wa'azin nan da muryarsa ta kai ƙasashe fiye da 100 ta talabijin. Watan bai ƙare ba, Holk Hogan, ɗan kokawan nan mai dogon gashin baki wanda yara su ke kwaikwayo a tsakar gida, shi ma ya kwanta dama.

Kowane ɗayansu, tun ba a sa shi a ƙasa ba, mutane suka rabu biyu a kansa. Waɗansu suna ta zuba yabo kamar maroƙa a ƙofar fada, har mai ji ya yi tsammani mala'ika ne ya koma gida. Waɗansu kuwa suka tono tsofaffin abubuwan kunya na mamacin suka shanya a rana, suna cewa kada kowa ya zubar masa da hawaye. Masu bi ma ba a bar su a baya ba. Wannan ya ce wane yana Sama, wancan ya ce a'a, yana wuta, sai ka ce su aka danƙa wa mabuɗan. Maganar kuwa ta shafe mu ƙwarai, gama da wuya wata ya wuce ba mu tsaya a bakin kabarin wani babba na garinmu ko na Ekklesiyarmu ba, a miƙa wa wani takarda a ce ya karanta tarihin marigayi. To, me ya kamata ya faɗa, me kuma ya kamata ya bari?

Littafi Mai Tsarki cike ya ke da tarihin matattu. Wanda ya karanta Sarakuna da Labarbaru zai ga kowane sarki, bayan an gama labarinsa, a kan rufe da 'yar taƙaitacciyar shaida a kansa. Marubutan nan ba maroƙa ba ne. Asa ya yi sarauta shekara 41, ya kawar da gumaka, har ya tuɓe tsohuwarsa daga matsayinta saboda tsafi. Aka binne shi da kayan ƙanshi, aka hura masa babbar wuta ta girmamawa. Duk da haka an rubuta cewa a ƙarshen kwanakinsa ya kulle annabin da ya tsauta masa, ya kuma zalunci waɗansu talakawansa. Yehoram ya karkashe 'yan'uwansa da takobi, ya yi shekara takwas bisa gadon sarauta, ya mutu da mugun ciwon ciki, marubucin kuwa bai ɓoye ba cewa babu wanda ya yi baƙin cikin tafiyarsa, ko makabartar sarakuna ba a kai shi ba. Yehoyada firist ne kawai, ba sarki ba, amma shi aka binne tare da sarakuna saboda alherin da ya yi wa jama'a. Dauda kansa, da aka zo yabonsa cikin I Sarakuna sura 15, sai da aka ambaci Uriya. Shekaru wajen dubu bayan haka, da Matta ya zo jera kakannin Yesu, bai kira uwar Sulemanu da sunanta ba, ya kira ta da sunan mijin da aka kashe. Ashe Ruhun Allah bai manta da sojan nan ba, ko da ya ke wanda ya cuce shi shi ne mawaƙin Zabura.

Amma mu dubi Saul, gama a kansa ne darasin ya fi yawa. Sa'ad da labari ya zo wa Dauda cewa Saul da Yonatan sun faɗi a dutsen Gilbowa, ya yayyage tufafinsa, ya yi azumi, ya tsara waƙar makoki, ya ce a koya wa mutanen Yahuda. Wa ya san muguntar Saul kamar Dauda? Shi aka jefa da mashi. Shi aka yi ta farauta cikin koguna kamar naman daji. A wurinsa Abiyata ya gudo da labarin firistoci 85 da aka yanka a Nob bisa umurnin Saul. Duk wannan bai sa ko ɗaya cikin waƙar ba. Ya yabi takobin Saul, ya yabi saurinsa da ƙarfinsa a fagen fama, ya tuna wa matan Isra'ila tufafi masu tsada da kayan zinariya da suka samu a zamaninsa. Sai dai ku sake karanta waƙar a hankali, ku ga ko akwai inda Dauda ya ce Saul adali ne, ko mai tsoron Allah, ko mai jinƙai. Babu. Ya zaɓi abin yabon da ya ke gaskiya ya faɗa, ya kame bakinsa a kan sauran, gama ranar kuka ce. Sauran kuwa ba su ɓace ba. Suna nan a rubuce cikin littafin da waƙar ta ke, I Labarbaru sura 10 kuma ta faɗa a fili cewa rashin aminci da neman shawarar mai duba su suka kai Saul ga halaka.

Watau shiru dabam, ƙarya dabam. Mai makoki yana da iko ya yi shiru a kan laifin mamaci ranar jana'iza. Ba shi da iko ya ɗaura masa rawanin da bai taɓa naɗawa ba.

Yanzu mu komo zamaninmu. An haifi Jimi Suwagat a 1935 a wani ƙaramin gari na jihar Luwiziyana. Allah ya ba shi murya, ya ba shi hannun kiɗa, ya ba shi harshen da ke sa ƙato ya yi kuka a gaban jama'a. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuɗin da ke shiga aikinsa ya wuce dala miliyan 100 a shekara, yana kuma aika da rabo mai yawa domin aikin bishara a waɗansu ƙasashe. Ba shi da sauƙi a kan masu zunubi. A 1986 ya kai ƙarar wani fasto mai suna Goman a kan zina, har aka karɓe masa aikin fasto. A 1987, da asirin wani mai wa'azin talabijin ya tonu, Suwagat yana cikin waɗanda suka fi yi masa zafi. A cikin shekaran nan ce mutanen Goman suka ɗauki hoton Suwagat a wani masauki tare da karuwa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ran 21 ga Fabrairu, 1988, ya tsaya gaban dubban mutane a majami'arsa, hawaye na zuba, ya ce ya yi zunubi, ya roƙi gafarar Allah da ta matarsa, ko da ya ke bai faɗi sunan zunubin ba. Jama'a suka yi kuka tare da shi. Shugabannin ɗarikarsa suka ce ya sauka daga bagadin wa'azi shekara guda domin horo. Ya ƙi, ya ce aikin zai rushe in ya daɗe haka, sai suka karɓe takardarsa. A watan Oktoba, 1991, 'yan sanda suka tsai da motarsa a Kalifoniya, aka sake samunsa da wata karuwa. A wannan karo bai yi kuka ba, ya gaya wa jama'arsa cewa Ubangiji ya ce masa ba ruwansu da maganar. Ya ci gaba da wa'azi fiye da shekara 30 bayan haka, har ya mutu yana da shekara 90, matarsa ta fari tana tare da shi.

Me za mu ce? Akwai mutanen da suka bar giya, suka koma wurin matansu, suka ba da gaskiya ga Yesu ta wurin wa'azin mutumin nan, tubansu kuwa na gaske ne. Irin da aka shuka mai kyau ne ko da hannun mai shukar yana da dauɗa, Bulus ma ya yi murna da a ke shelar Almasihu ko ta bakin masu mugun nufi. Kada wanda ya sami ceto ta wannan hanya ya yi shakkar cetonsa, gama ba Suwagat ne ya mutu dominsa ba. Amma a ganinmu abin da ya fi nauyi cikin labarinsa ba daren masaukin ba ne, ƙin horon ne. Faɗuwa, Bitrus ma ya faɗi. Mutumin da ya sa aka tuɓe ɗan'uwansa saboda zina, sa'an nan da nasa ya zo ya ce shi ya fi ƙarfin hukuncin dattawa, ya koya wa dubban ƙananan masu wa'azi cewa in taronka ya yi yawa ba mai iya ce maka zauna. Wannan ma gado ne da ya bari, kuma ya haye teku. Wanda zai ba da tarihinsa ga ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki, in ya faɗi waƙoƙin ya bar wannan, ya cuci ɗaliban.

Na Suwagat a fili ya ke tun yana da rai. Akwai wanda ya fi shi wuya. Bulus ya gaya wa Timoti cewa zunuban waɗansu su kan riga su zuwa wurin shari'a, na waɗansu kuwa sai daga baya su ke biyo su. Rabi Zakariyas, haifaffen Indiya, ya yi shekaru fiye da 40 yana zaga jami'o'in duniya yana amsa tambayoyin masu musun Allah, littattafansa kuma sun shiga ɗakunan fastoci da yawa. Ya mutu ran 19 ga Mayu, 2020, yana da shekara 74. Manyan Krista suka yi ta yabonsa, har mataimakin shugaban Amurka na lokacin ya yi jawabi a taron tunawa da shi. Wata tara bayan haka, a Fabrairu 2021, lauyoyin da ƙungiyarsa da kanta ta ɗauka domin bincike suka fito da rahoto. Suka tabbatar ya daɗe yana lalata da matan da ke yi masa tausa, yana amfani da kuɗin aikin Ubangiji da kuma maganar addini domin ya rufe musu baki. Aka sami hotunan mata fiye da 200 cikin wayoyinsa. Ɗarikarsa ta soke naɗinsa yana cikin kabari, masu buga littattafansa kuma suka daina sayar da su.

Ga abin da ya kamata ya tsorata mu. Tun a 2017 wata mata a Kanada ta yi ƙararsa. Shi ya kai ta kotu, aka kashe maganar da yarjejeniyar yin shiru, mutanensa kuwa suka ɗauke ta maƙaryaciya mai neman kuɗi. Ku auna a ranku, 'yan'uwa, yadda matan nan suka ji ranar da duniya ta taru tana cewa waliyyi ya tafi. Kowace kalmar yabo a ranan nan dutse ce aka ƙara a kan bakinsu. Yawancin masu yabon ba su sani ba, ba mu kuwa ɗora musu laifin abin da ba su sani ba. Amma akwai waɗanda aka kawo wa kuka suka toshe kunne domin sunan mutumin ya yi girma, abincinsu kuma yana rataye da sunan.

Wani zai ce, ai Shem da Yafet sun rufe tsiraicin ubansu, aka sa musu albarka, Ham da ya fallasa shi zuriyarsa ta sha la'ana. Gaskiya ne, rufin asiri kuwa hali ne mai kyau wanda kakanninmu suka san darajarsa. Sai dai a lura, Nuhu ya bugu ne cikin alfarwarsa, kansa ya kunyata, ba wanda ya kwanta da rauni saboda shi. Mayafin Shem ba a saƙa shi domin a lulluɓe Uriya ba. Inda laifin mamaci tsakaninsa da Allah ne, ko wani rauni ne na cikin gida wanda ba ya cutar kowa yanzu, a rufe, a bar wa Mai shari'a. Inda kuwa akwai mai rai da ke ɗauke da miki, yarinyar da aka lalata, marayun da aka cinye wa gona, ma'aikacin da aka hana hakkinsa, in an rufe, da mai mikin aka haɗa aka binne.

Na 'yan wasan nan biyu gajere ne. Foman ya tashi a unguwar matalauta a Hustan, shi da bakinsa ya ce yana yaro ya yi ƙwace a titi. Ya ci zinariya a wasannin Olimfik na Meziko a 1968, ya zama zakaran duniya a 1973, Muhammadu Ali ya kayar da shi a Kinshasa ran 30 ga Oktoba, 1974. A 1977, bayan an sake cinye shi, ya ce ya ga mutuwa ido da ido a ɗakin sauya tufafi, ya yi kira ga Yesu. Ya bar dambe shekara goma yana wa'azi, ya buɗe wurin horon matasa, da kuɗi suka ƙare ya koma fage, har ya sake zama zakara a 1994 yana da shekara 45. Mutumin da a da ko murmushi ba ya yi ya zama abin ƙaunar jama'a. Amma ya yi aure sau biyar, a 2022 kuma mata biyu suka kai shi kotu suna cewa ya lalata su suna 'yan mata a shekarun 1970. Ya musanta ƙwarai. Irin wannan, mai tsoron Allah ba zai hau bagadi ya yi shelarsa kamar tabbataccen abu ba, ba zai kuwa kira matan maƙaryata don kawai yana son mutumin ba.

Hogan kuwa, a 2015 aka fito da wata tsohuwar murya tasa da aka naɗa yana zagin baƙar fata da kalmar wulakanci. Kamfanin kokawar ya kore shi, ya nemi gafara, bayan shekara uku aka mai da shi. A Disamba 2023 aka yi masa baftisma a wata majami'ar Baptis a Fulorida. Duk da haka, da ya fito gaban 'yan kallo a Janairu 2025, ihu suka yi masa. Waɗansu Krista suka ji haushi, suka ce ai mutumin ya tuba. Mu ma muna fata tubansa na gaske ne, in kuwa haka ne, jinin Yesu ya isa ya wanke bakin da ya yi zagi. Amma ruwan baftisma ba ya tilasta wa wanda aka zaga ya manta. Manassa ya yi sarauta shekara 55, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi, daga baya ya ƙasƙantar da kansa cikin sarƙa a Babila, Allah kuwa ya ji shi. Labarbaru ya ba da labarin tubansa. Littafin Sarakuna kuma ya ce saboda jinin nan ne birnin ya faɗi bayan shi ya daɗe a kabari. Duka biyu gaskiya ne, ba kuwa wanda ya share ɗaya domin ɗayan ya zauna daidai.

A nan ne mutane da yawa, har cikin Ekklesiya, su ke ruɗewa. Suna tsammani ma'auni ɗaya ne: a zuba alherin mutum a wannan kwano, a zuba muguntarsa a wancan, wanda ya rinjaya shi ne makomarsa. Da haka ne, ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangijinmu ba shi da ko ƙwayar gero a kwanon alheri, ga shi kuwa an yi masa alkawarin Firdausi a ranan nan. Waɗansu kuma za su zo a rana ta ƙarshe da kwano cike da annabci da al'ajibai, Ubangiji ya ce bai taɓa saninsu ba. Tsayawar mutum a gaban Allah ta wurin alherin Almasihu ce, abin da ya wuce tsakanin rai da Mahaliccinsa a sa'a ta ƙarshe kuwa ba a gaya wa 'yan jarida ba, ba a gaya wa fasto ba. Saboda haka kada mu yi saurin kai shahararre Sama domin ya taɓa ambaton Yesu a talabijin, kada kuma mu jefa shi wuta domin mun karanta abin kunyarsa. Abin da aka bar mana mu auna shi ne aikin da ya bari a ƙasa, wanda idonmu ke gani. Bulus ya ce wa Korintiyawa wani ya kan yi gini da zinariya, wani da kara da ciyawa, wuta za ta gwada kowanne, mai ginin ya iya tsira ginin ya ƙone. A kan gini muna da bakin magana, wajibi ne ma mu yi, domin masu tasowa su san wanda za su kwaikwaya.

Shi ma awon gini yana bukatar haƙuri, gama ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ba a kuwa yanke masa ƙauna da wuri. Da Jimi Kata ya mutu a Janairu 1981, ranar da ya bar gadon mulki, da tarihinsa ya zama na shugaban da ya kasa. Kaya sun yi tsada, an tsare Amurkawa 52 a Iran kwana 444, jama'a suka ƙi shi a zaɓe. Yana da tabo na gaske kuma. A 1970, da ya ke neman gwamnan Jojiya, ya yi zawarcin ƙuri'un masu ƙin baƙar fata, ko da ya ke ranar rantsuwa ya juya ya ce zamanin wariya ya wuce. Gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa Indonesiya makamai sa'ad da sojojinta ke kashe mutanen Timor ta Gabas. Amma Allah ya ƙara masa shekara 43, ya kuwa san abin da ya yi da su.

Dattawanmu sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwari da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo, tsutsa mai tsawon wajen kamu biyu ta fara fitowa, a yi ta naɗe ta a tsinke makonni, sau da yawa kuwa daidai lokacin noma. Ba magani, ba allurar rigakafi. A 1986, sa'ad da cibiyar Kata ta sa hannu a yaƙin, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. A Nijeriya kaɗai ƙidayar farko ta sami fiye da 650,000. Makaman yaƙin ƙanana ne: ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwo shiga tafki, da maganin kashe ƙwarin, da mutanen ƙauye masu lura. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka domin wannan aiki. Aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A shekarar da Kata ya mutu, waɗanda suka kamu a duniya duka ba su kai 20 ba. Tsohon ya yi ta koyar da ajin Lahadi a ƙaramar majami'ar garinsu har ya haura shekara 90. Manomin da ya yi noma da ƙafa lafiya yana da dalilin gode wa Allah saboda shi. Gwauruwa a Timor tana da nata abin tunawa. Wa zai ce wa ɗayansu ya yi shiru?

Haka ya faru da Saul. Mutanen Yabesh-gileyad ba su manta ba cewa a farkon sarautarsa, sa'ad da Nahash Ba'ammone ya ce sai ya ƙwaƙule wa kowannensu idon dama, Saul ne ya taso da runduna ya cece su. Da suka ji Filistiyawa sun rataye gawarsa a garun Bet-shan, jarumawansu suka yi tafiya dare farai suka sauko da ita, suka binne ƙasusuwan, suka yi azumi kwana bakwai. Dauda ya aika ya sa musu albarka. Ba wanda ya ce musu, don me ku ke girmama wanda ya kashe firistoci? Bashin alheri ne suka biya, daidai ne kuwa. In wani babba ya biya maka kuɗin makaranta, ko ya haƙa wa garinku rijiya, je ka yi kukanka a gidansa, kada ka ji kunya ko da duniya na zaginsa.

Amma akwai wani gari, Gibeyon. Tun zamanin Joshuwa Isra'ila ta rantse ba za ta taɓa mutanensa ba, Saul ya karya rantsuwar ya karkashe su. Baƙi ne, masu saran itace da ɗiban ruwa, ba su da mai tsaya musu. Saul ya mutu, aka yi masa waƙa, shekaru suka wuce, ba wanda ya je ya tambaye su kome. Sai yunwa ta sauko shekara uku a jere. Da Dauda ya nemi fuskar Ubangiji, amsar da ya samu ita ce jinin Gibeyonawa ne. Mutane sun rufe littafin Saul, Allah bai rufe ba.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da wata al'ada da ta cancanci mu yi tunani a kanta. Kafin a ɗauki gawa, a kan yi shela cewa duk mai bin mamacin bashi ya zo ya faɗa wa magada. Mu kuwa sau da yawa mu kan buga littafin jana'iza mai hotuna, ƙungiyoyi su jeru da anko, a yi awa huɗu a na jawabi, wanda ya ba da buhunan siminti domin ginin majami'a ya zama Ibrahim da Ayuba a haɗe, alhali kuwa a bencin baya ga matar ƙanensa da ya ƙwace wa fili tana sauraro, ga 'ya'yanta suna koyon abin da Ekklesiya ta ke nufi da gaskiya. Ba mu ce fasto ya karanta laifofin mamaci a gaban gwauruwarsa ba, wannan rashin tausayi ne. A faɗi simintin, gama ya bayar. A bar kalmomin da kowa a wurin ya san ba nasa ba ne. A yi wa'azin Almasihu da tashin matattu, gama masu rai ne ke ji. Bayan an share makoki kuwa, dattawa biyu ko uku su sami magada a keɓe, su ce musu ga abin da mahaifinku ya bari a wuyansa, ku kuna da ikon sauke shi. Zakka ya mayar riɓi huɗu da hannunsa tun yana da rai. Wanda bai yi haka ba, 'ya'yansa suna iya mayar da filin.

Dauda ya kira Gibeyonawa ya tambaye su abin da zai yi musu. Abin da suka nema mai ban tsoro ne, mutum bakwai daga zuriyar Saul, ba a kuwa ba mu wannan domin mu bi ba, gama Shari'a kanta ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba. Biyu daga cikinsu 'ya'yan Rizfa ne, ƙwarƙwarar Saul. Matan nan ta shimfiɗa tsummoki a kan dutse, ta zauna gadin gawawwakin tun farkon girbin sha'ir har ruwa ya sauko, tana korar tsuntsaye da rana, namomin jeji da dare. Ita ma cikin waɗanda Saul ya bar wa gado ta ke. Da aka gaya wa Dauda abin da ta yi, sai ya tafi Yabesh ya ɗauko ƙasusuwan Saul da na Yonatan, aka tattara na mutum bakwai ɗin, aka kai Saul da ɗansa kabarin Kish mahaifinsa a Zela, cikin ƙasar Biliyaminu. Bayan wannan ne Allah ya karɓi roƙon da a ke yi domin ƙasar.